Adana mangwaro a kwalba: shawarwarin da aka bayar

Wata hira da muka yi da wasu mata ta taso ne daga yadda Turawa ke dafa 'ya'yan fic, wani ɗan itace mai zaƙi, da kayan ƙamshi su rufe a kwalba. Mu nan Bauchi mangwaro ne ke zube a ƙasa daga Afrilu zuwa Mayu, sai matan suka karkata kansa.

Inda aka fi jan magana shi ne tsami. Nunannen mangwaro tsaminsa kaɗan ne, kuma kwalbar da ba iska ba tsami nan ƙwayar cutar botulizim ke haifar da guba, wadda ba lallai a ji warinta ba. Shi ya sa aka ce a zaɓi ƙosasshe wanda bai nuna ba. Wata ta ce sukari kaɗai ya isa. Ban yarda ba, sukari don zaƙi ne.

Kanumfari, kirfa da citta a ƙulle su a tsumma mai tsabta a jefa cikin ruwan sukari, a cire kafin a zuba. Kanumfari in ya daɗe, yakan baƙanta ruwan.

A zuba mangwaron da ruwan sukarin a kwalba da zafinsu, a bar ɗan fili a bakin kwalba, a rufe, a nutsar cikin tafasasshen ruwa ya shanye murfin. Kwalbar rabin lita a tafasa ta minti 20; an ƙara lokacin ne domin Bauchi tudu ce, ruwa na tafasa kafin zafinsa ya kai digiri 100. Murfin da ya kumbura daga baya, a zubar, kada a ɗanɗana.