Kwara ba ta ƙin yayyafi

Ɗan Ƙofar Doka: Salamu alaikum. Kowa ya san “kogi bai ƙi yayyafi ba”, amma kakata “Kwara ba ta ƙin yayyafi” take cewa, musamman in jika ya miƙa mata goro ɗaya yana sunkuyar da kai. Jiya na faɗe ta a majalisa, wani yaro ya ce me ya haɗa Ilori da yayyafi. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam. Gaya masa jihar Kwara, mai hedkwata a Ilori, ita ce ta ari sunan. Kwara shi ne sunan da kakanninmu suka san kogin Neja da shi, jihar kuwa sai a 1967 aka yanke ta. Zabarmawa Isa suke ce masa, Yarbawa Oya, can Mali kuma Joliba. Tsohuwa ba ta yi ƙari ba. Ruwan da ya sauka a Samarun Zariya, rafin Kubanni ke kwasa ya miƙa wa kogin Galma, Galma ta kai shi kogin Kaduna, shi kuma ya juye a Kwara a ƙasar Nupe. Yayyafin garin nan can yake kwana.

Inna Tudun Wada: Malam, ni fa ban san maganar nan da yabo ba, habaici ce. Ranar rabon taki ka ga attajiri da babbar riga ya shigo layin talakawa, sai mata su kalli juna su ce, to, kogi bai ƙi yayyafi ba. Wato cikinsa ba ya cika.

Ɗan Ƙofar Doka: Inna, ai bakin da ta fito shi ne abin dubawa. In mai karɓa ne ya faɗa, sanyaya zuciyar mai bayarwa yake yi, kada ya raina abin hannunsa. Haka na taso ina ji.

Malamin Samaru: Mai bayarwa ma yakan faɗa, neman uzuri ke nan. Amma a sa sunan Kwara a ciki, sai wanda ya ji labarinta daga fatake masu ƙetare ta zuwa Gwanja sayen goro. Shi ya sa na fi son ta tsohuwa. Mu riƙa faɗar ta haka gaban yara, su tambaya mu ba su amsa.

Inna Tudun Wada: Ku faɗa, Allah ya yi albarka. Amma ɗana, kada ka kuskura ka furta ta gaban surukinka in ka kai masa kayan Sallah. In ni ce shi, habaici zan ɗauka.