Haya ko saye: wace tsohuwar kyamarar fim ta dace da mai koyo a Damagaram?

Mai neman sani, Birni:
Assalamu alaikum. Tun ranar da na ga tsofaffin hotunan Hawan Sallah a cikin akwatin mahaifina, na ƙudurta koyon ɗaukar hoto da fim, bayan shekara 2 da na yi ina ɗauka da waya. Wani dattijo da ya taɓa riƙe shagon hoto ya yarda ya ba ni hayar Canon AE-1 na wata guda, sannan wani ɗan kasuwa ya nuna mini Pentax K1000 ta hannu, wadda kuɗinta zai kusa cinye duk abin da na tara. Shin in fara da haya ne ko in saya kai tsaye, kuma me ya kamata in duba kafin kuɗi ya bar hannuna?

Tsohon mai hoto, Zango:
Wa alaikumus salam, ɗana. Dukansu biyu a shekarar 1976 suka fito, amma halinsu ba ɗaya ba ne. AE-1 ba ta ɗaukar hoto sam idan babu batirinta mai bolt 6, wanda ake kira 4LR44, kuma ba kowane mai tebur ne yake sayar da shi ba. K1000 kuwa ba ta dogara da batir ba, labulenta, wanda yake barin haske ya faɗa kan fim, yana buɗewa ya rufe ba tare da wuta ba, ƙaramin batirin da ke cikinta na ma'aunin haske ne kawai. An ci gaba da ƙera ta har 1997, kuma ba ta yanke maka hukunci a kan komai, kai ne za ka zaɓi saurin labule da faɗin ƙofar haske, wanda shi ne ainihin abin da kake son koya.

Ko wacce ka ɗauka, ka buɗe bayanta ka ɗaga ta sama wajen haske, ka danna a kowane sauri daga daƙiƙa 1 har zuwa 1/1000, kana kallo kana saurare. Idan daƙiƙa 1 ta yi jinkiri kamar mai gyangyaɗi, man cikinta ya daskare. Ka shafa yatsa a kan baƙin soson da ke kewaye da murfin baya. Idan ya manne maka kamar kwalta, ya ruɓe, haske zai riƙa kutsawa yana barin jan tabo a hotunanka. Ka cire gilashin gaba ka haska shi da tocilan waya. Ƴar ƙura ba ta da illa, mu da muke shan hazon hunturu mun saba da ita, amma idan ka ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, hunhuna ce, ka mayar wa mai shi abinsa. Ramin batir ma a leƙa, kada ya zama ya yi kore.

Malamar makaranta, Sabon Gari:
Baba ya yi gaskiya a kan K1000, amma ni ban ga dalilin gaggawar saye ba. Malam, ka fara tambayar kanka inda za ka sami fim da inda za a wanke maka shi, domin nan ne kuɗin yake tafiya, kuma kowane naɗi hoto 24 ko 36 kaɗai yake ɗauka. Na taɓa sayen fim mai launi da ya daɗe a cikin kabad ɗin wani shago, na ɗauki bikin ƙanwata da shi, hotunan suka fito dusu-dusu kamar an jiƙa su a ruwan shayi. Zafin Afrilu da Mayu a garin nan yana wuce digiri 40, fim kuwa ba ya jure wannan, sai an ajiye shi a firij cikin leda a ɗaure. Fim baƙi da fari, kamar Ilford HP5, ana iya wanke shi a gida, sai dai an tsara yawancin sinadaransa a kan digiri 20, saboda haka sai ka tanadi ƙanƙara. Ka karɓi hayar, ka ƙarar da naɗi ɗaya ko biyu, ka gani ko za ka iya haƙurin jiran sakamako.

Tsohon mai hoto, Zango:
Na yarda da Malama, da sharaɗin ka mayar da AE-1 ɗin kan zaɓin hannu, kada ka bar ta tana zaɓar maka ƙofar haske. Idan rana ta take, ka sa ƙofar haske a f/16, da saurin labule 1/125 na daƙiƙa ga fim mai lamba 100 a kwalinsa, za ka sami hoto ko da ma'aunin ya mutu. Kuma ku gwada ta tare da dattijon a gaban shaida, a rubuta duk aibin da ke jikinta da abin da ka ajiye jingina, domin wasu tsofaffin AE-1 suna yin ƙara kamar tari idan an danna, kada ranar mayarwa a ce kai ka jawo.

Mai neman sani, Birni:
Na gode Baba, na gode Malama. Na koma wurin dattijon jiya da la'asar, muka tarar soson murfin ya narke ta gefen maɗauri, ya ce zai liƙa sabo kafin ranar Alhamis. Ɗan kasuwar kuma na roƙe shi ya bari in gwada naɗi ɗaya a K1000 kafin mu yi ciniki, ya ce zai yi shawara.