Ina son haɗa babban akwatin gilashi na kifayen Tafkin Malawi, ina neman shawara

Abban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau wata takwas ke nan ina kiwon kifin ado a wani ɗan akwatin gilashi mai cin lita 60. Irin jajayen nan ne masu baza wutsiya. Shida na saya, biyu suka mace a zafin Afrilu, saura huɗu. To kwanaki na ci karo da bidiyon kifayen Tafkin Malawi a YouTube, waɗanda ake ce wa sikilid, wani shuɗi kamar an tsoma shi a rijiyar baba, wani rawaya kamar garin ɗorawa, suna ta shige da fice a tsakanin duwatsu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Maman yara ma ta ce ko a barci maganar kifi nake.

Na je wajen wani mai yankan gilashi a nan Kano, mun tsayar da awo: tsawo santimita 150, faɗi 50, zurfi 60. Ya ce gilashi mai kauri milimita 8 ya wadatar, wai har ya fi na kanti ƙwari. Ban ba shi kuɗi ba tukuna. A saman bene nake zaune, a falo nake son ajiye shi kusa da taga don hasken rana ya riƙa fito da launin kifin. Ruwanmu na burtsatse ne, mai barin farin tabo a gindin buta. Wuta kuwa kun san halin da ake ciki, wani lokaci a yi awa goma ba a kawo ba, amma ina da ɗan inbata da ke ɗaukar fanka da talabijin.

Niyyata in zuba kifi kamar 10, kowane launi ɗaya ɗaya, har da wani mai ƙullutu a goshi da na ga ana kira furontosa, sannan in haɗa su da jajayen nan nawa huɗu. Ranar da aka kawo akwatin nake son in cika shi in saka su, don yara sun ƙosa. Me kuke gani?

Injiniyan Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Abban Ummi. Ni ban san kifi ba sai a miya, amma zan yi magana a kan nauyi, don nan ne na ga hatsari. Awon da ka bayar lita 450 ne, wato jarka 18 irin ta 'yan garuwa mai lita 25, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Gilashin kansa ya kusa kilo 100 in mai kauri ne. Ka ƙara yashi, duwatsu da teburin ƙarfe, ka haura kilo 600. Ka ƙaddara buhun siminti 12 ne aka jibge a wurin da bai kai faɗin tabarma ba, kuma ba na kwana ɗaya ba, na shekaru.

In dai dole a sama za ka ajiye, to a jikin bango, inda ka san akwai ginshiƙi ko bim a ƙarƙashi, ba a tsakiyar falo ba, ba kuma a baranda ba. In ba ka san yadda aka zuba dakin ɗin ba, ka samo wanda zai duba maka. Milimita 8 kuwa, a zurfin santimita 60 da tsawon ƙafa 5, ni ba zan kwana a ɗakin ba. Ka sa a yi da 12, a ɗaure saman da sandunan gilashi don kada cikinsa ya buɗe. Teburin ma a ɗora masa ma'aunin magina a tabbatar ya daidaita, a shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firij kafin a ɗora akwatin. Ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta tsaga gindin.

Baba Mai Tarwada:

Malam Abban Ummi, sannu da ƙoƙari. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Ni sana'ata kiwon tarwaɗa ce a Kaduna, amma ina da akwatin 'yan Malawi a gida shekara shida, kuma na kashe kifi da yawa kafin in koya, shi ya sa zan ɗan ja maganar.

Da farko ka sani kifin nan ba baƙo ba ne kamar yadda kake zato. Karfasar da ake soya mana dangi ɗaya suke, ita ma sikilid ce. Duk wanda ya taɓa ganin yadda namijin karfasa ke haƙa rami a gindin kandami yana korar kowa, to ya ga halin 'yan Malawi, kwalliya kawai suka fi ta. Tafkin yana tsakanin Malawi, Tanzaniya da Mozambik, kuma babu tafkin da ya kai shi yawan nau'in kifi a duniya. Masu launin nan da ka gani cikin duwatsu su ake kira mbuna, gansakukar jikin dutse suke kankara su ci, kuma kowane namiji da kogonsa, ba ya son maƙwabci.

Saboda haka tsarin nan naka na kowane launi ɗaya ɗaya, yaƙi ka shirya. Kusan duk maza za a zaɓo maka, don su suka fi launi, mafi ƙarfinsu ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na yi wannan kuskuren. Na saka wani mai ratsin baƙi da rawaya da ake kira auratus, cikin mako biyu ya yagalgala wutsiyar uku, na tashi da asuba na tarar da ɗaya ya maƙale a bayan bututun filta, wato na'urar tace ruwan, ba sauran ɓawo a gefensa. Abin da ya fi, ka zaɓi nau'i uku kawai, kowanne namiji ɗaya da mata uku ko huɗu, jimilla kamar 12 zuwa 15. In sun yi yawa, mai faɗan ba ya iya tsare guda ɗaya ya bi shi har ya kashe. Ka fara da rawayan nan Labidochromis caeruleus, shi ya fi sauƙin hali.

Furontosa ka cire shi a lissafi. Ɗan Tafkin Tanganyika ne, a ruwa mai zurfi yake zama, yana kai santimita 30, ba ya son hayaniya, in ya girma kuma ƙananan kifi ne abincinsa. Jajayen naka ma ka bar su inda suke, in ka saka su cikin mbuna ko kwana uku wutsiyar nan ba za ta yi ba.

Ruwan burtsatsenka kuwa, wannan farin tabon da kake ƙorafi a kai, sa'a ce ka taka. Ruwan Malawi ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko rashin tsamin ruwa, kusan 8 ne, ba sa son ruwa mai tsami. Ka sayi ɗan kayan gwaji ka auna, in ya faɗi ƙasa da 7.5 sai ka sa dutsen nan da ake yin siminti da shi ko dakakken ƙwanso a cikin filta. In kana shakkar dutse, ɗiga masa ruwan khal, in ya yi kumfa to zai ɗaga pH. Kuma duwatsu su za ka fara jerawa a kan gilashi kafin yashi, don kifin nan maginan rijiya ne, za su yashe ƙarƙashin dutse ya rufto.

Maganar zuba su ranar farko ita ce ta fi tayar min da hankali. Kashin kifi yana zama amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zama a cikin soson filta su mayar da ita abin da ba ya kisa nan take, kuma kafin su yi yawa a sabon akwati sai an yi mako huɗu zuwa shida. Tunda kana da tsohon akwati, ɗauki rabin sosonsa da dattinsa ka tura a sabuwar filtar, ka riƙa jefa ɗan abinci kullum, zai rage maka jira. Yara su yi haƙuri.

Maman Hanif:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Ni wuta kawai zan ƙara, don ita ta yi min ɓarna. Na yi tafiyar kwana biyu, aka ɗauke wuta, filta ta tsaya, da aka dawo da ita sai ta amayar da ruɓaɓɓen ruwan cikinta cikin akwatin. Kifi tara na kwashe a mace. Yanzu filta da famfon iska a kan inbata suke, duka biyun ba su kai cin fanka ɗaya ba, kuma ina da ɗan famfon iska mai batir a ajiye. Hita ce mai ci, wat 300, amma sai da hunturu za ka buƙace ta, don ruwan ya tsaya tsakanin 24 da 28 a ma'aunin Salshiyos. Ku a Kano zafi ne abokin gabarku: ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take, za ka ga kifi sun taso sama suna haki. Kusa da taga kuwa kada ka soma, Yaya, rana za ta dafa ruwan ta kuma mayar da gilashin kore shar. Abinci ka nemi mai spirulina, wato wata irin gansakukar ruwa, kaɗan kaɗan, ban da abincin tarwaɗa, cikinsu kumbura yake su mutu. Duk mako ka canza rubu'in ruwan, jarka huɗu ko biyar ke nan.

Abban Ummi:

Kai, Allah ya saka da alheri, kun hana ni asara. Injiniya, na kira wanda ya yi ginin ya duba, ya ce a sauko da shi ƙasa, don haka ɗakin baƙi zai koma. Mai gilashi ya ɗan ɓata rai da na ce 12 nake so, kuɗin ma ya kusa ninkawa, amma mun shirya. Baba, na tura rabin soson a bokiti da famfon iska kafin akwatin ya iso. Wata tambaya kuma: mai sayar da kifin ya nuna min wata rawaya da haɓarta ta kumbura, ba ta cin abinci, ya ce zai rage min kuɗi a kanta. Ciwo ne?

Baba Mai Tarwada:

Ciwon me? Ƙwai ne a bakinta, goyo take, kamar yadda karfasa ke yi. Kusan mako uku za ta yi ba ta ci ba, sannan ta tofo 'ya'ya suna iyo. Amma kada ka ɗauko ta yanzu, da an sa mata raga za ta zubar da su, kuma akwatinka bai nuna ba. Ba shi kafin alƙalami ya ajiye maka ita da 'ya'yan a wurinsa, kuma kada ka gaya masa dalili sai ya karɓi kuɗin.