Wane agogo zan ɗaura da baƙar kwat ranar liyafar abokina?

Abokin Ango: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Abokina zai yi aure, kuma ba abokin gaisuwa ba ne. Ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a shekara huɗu, lokacin da na kwanta jinya shi ya yi ta kwana da ni a asibiti. Bara mun samu saɓani kan wani kuɗi da na ranta masa, har muka yi wata biyar ko sallama ba ta haɗa mu, sai da yayarsa ta shiga tsakani. To yanzu da ya ce ni ne babban abokin ango, ba na son in yi wani abu da za a ce har yau da saura a raina. Liyafar ta dare ce, kuma an rubuta a kati cewa shigar baƙar kwat za a yi, irin taksido mai sheƙi a kwala, da farar shat da ɗan taye mai siffar malam-buɗe-littafi. Kaya sun zo, sun zauna mini. Agogo ne matsalar.

Guda uku gare ni. Akwai Seiko irin na masu nutso a teku, mai sarƙar ƙarfe da zobe mai juyawa, da albashina na farko na saye shi, shekara bakwai ban taɓa rabuwa da shi ba. Akwai Apple Watch. Sai wani tsohon agogon mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ƙarami mai ruwan zinare, fatarsa ta tsage, yana cikin akwati. Jiya da na sa Seiko ɗin da shat, hannun rigar ya maƙale a bayansa, ya ƙi saukowa. Amma ni dai shi nake so. Me kuka gani?

Kawu Mai Agogo: Wa alaikumus salam. Ɗana, cire Seikon nan daga lissafi tun yanzu. Rigarka ma ta riga ta ba ka amsa. Agogon shigar dare sharaɗinsa kada ya yi hayaniya: siriri, fuska fara ko baƙa ba tarkacen lambobi, hannu biyu ko uku, baƙar fata. Faɗi daga milimita 34 zuwa 38, kauri kada ya kai 10. Dalili kuwa, hannun shat ana so ya leƙo daga na kwat da kamar santimita ɗaya, ya rufe agogon, sai ka miƙa hannu a gan shi. Naka na nutso na tabbata ya kai 42 a faɗi, 13 a kauri. An yi shi ne don a gan shi a ƙarƙashin ruwa, ba a ƙarƙashin riga ba. Ɗauko na babanka.

Abokin Ango: Kawu na gode, 42 ne kuwa. Amma na Baba fa ƙarami ne sosai, in na ɗaura kamar na mata. Hannuna ba siriri ba ne.

Kawu Mai Agogo: Idonka ne ya saba da faranti. Calatrava na farko da Patek Philippe ya fitar a 1932 milimita 31 ne, kuma na maza ne. Tank na Cartier da aka zana a 1917 je ka duba girmansa. Waɗannan su ne ma'auni har gobe, duk wani agogon kwalliya su yake kwaikwayo. Kwana biyu za ka yi da na babanka a hannu ka daina ganin ƙanƙantarsa. Auna wuyan hannunka da zare ka faɗa mana santimita nawa ne.

Ɗan Boko: Kawu da girmanka, amma in asalin ƙa'idar ake so, ba a ɗaura agogo kwata-kwata da wannan shiga. A wajen Turawan da suka ƙirƙiro ta, duba lokaci a wajen liyafa rashin ladabi ne, kamar kana cewa mai gida ya ishe ka. In ma za a riƙe, na aljihu ne. Agogon hannu bai zama ruwan dare ga maza ba sai bayan Yaƙin Duniya na Farko, da sojoji suka dawo da shi. Ka tafi hannu haka, ka huta.

Kawu Mai Agogo: Ƙa'idar da ta mutu tun kafin a haife ka. Babban abokin ango ne fa, shi zai san yaushe za a shigo, yaushe mai hoto zai tafi, yaushe zai yi jawabi. In ba agogo sai ya riƙa zaro waya kowane minti biyar, wannan kuma ya fi muni sau goma.

Maman Biyu: Ni dai roƙona ɗaya, don girman Allah kada ka sa Apple Watch ɗin nan. Mijina da shi ya zo namu. Duk hoton da muka riƙe hannu sai ka ga wani baƙin murabba'i kamar an manna masa ƙaramar talabijin, a wani ma fuskar ta kunna, ana ganin saƙon da ya shigo. Na ce ya cire, ya ce yana ƙirga taku. Taku! Ranar aurensa! Har yau hoton falo hannunsa a yanke yake, kuma in na yi magana ya ce na cika mita. Mutumin da ko ranar haihuwata sai agogon ya tuna masa.

Injiniya: Anti ai akwai yanayin da ake sa shi fuskar ba ta kunnawa sai an taɓa, mai alamar fuskokin wasan kwaikwayo. A sa masa baƙar fata, shi kenan.

Maman Biyu: Ƙanena, ko bai kunna ba talabijin ce.

Abokin Ango: Anti yi haƙuri, Apple ɗin dama ba ya cikin raina. Abin da nake tunani, in na canja wa Seikon sarƙa na sa baƙar fata fa? Na ga hotunan manyan mutane da agogon nutso a kan taksido, kuma ba wanda ya ce musu komai.

Kawu Mai Agogo: Fata ba ta rage kauri. Abin da ya tare rigar jikin agogon ne, ba sarƙar ba. Su waɗanda ka gani tela ya auna musu riga da agogon a hannu. Kai fa?

Tsohon Tela: Nan Kawu ya yi gaskiya. In muna ɗinka shat mukan tambayi mutum wane hannu yake ɗaura agogo, mu ƙara wa wannan ɓangaren ɗan sarari. In mai maɓalli ce abu ne mai sauƙi, a matsar da maɓallin. Amma shat ɗin taksido yawanci mai naɗaɗɗen hannu ce ta linkis, wato maɓallan ƙarfe da ake zurawa a ramukan hannun riga, ramukan a yanke suke, ba sa matsawa. Wace iri ce taka? Kawo wa telanka ya gani.

Abokin Ango: Ta linkis ce Baba. Kuma haya muka ɗauko dukkanmu, ba a taɓa ta.

Tsohon Tela: Ai da ka faɗa tun farko.

Malam Shiru: Ban ga wanda ya taɓo wannan ba. Ka ce na mahaifinka mai ruwan zinare ne. Ka duba bayansa, in zinare ne na gaske za ka ga tambari kamar 750 ko 18K, ko 585 ko 14K. Ka san hukuncin zinare ga namiji. In kuma shafe ne kawai, ka tambayi malamin da ka yarda da shi kafin ranar.

Kawu Mai Agogo: Wannan ma ya tuna mini. Wane launi ne linkis ɗinka da maɓallan gaban rigar? In farin ƙarfe ne, agogo mai ruwan zinare zai yi faɗa da su. Sai ka canja linkis, su ne masu sauƙin canjawa.

Abokin Ango: Farare ne, ango ne ya raba mana iri ɗaya, ba zan iya canjawa ba. Kun ga kenan Seikon ya fi dacewa da su, shi ma farin ƙarfe ne. Kuma na manta ban faɗa ba, na Baba ba ya aiki. Ina jin batir ne.

Kawu Mai Agogo: Wa ya ce maka yana da batir? Agogon hannu na kwaz, irin mai batir da aka saba gani yanzu, sai a ƙarshen 1969 kamfanin Seikon naka ya fara sayar da shi. In na babanka ya girmi haka, da alama mai wani ne, wato wanda ake murɗa wa da hannu. Murɗa kan nan na gefe a hankali sau ashirin, in ka ji ya yi tauri ka tsaya, kada ka tilasta. Kara shi a kunne. In ya tashi, cikakken wani zai kai ka kusan awa arba'in. Sai ka auna tsakanin ƙafafunsa, inda fata take shiga, yawanci milimita 17 ko 18 ne a irin waɗannan, ka sayo baƙar fata daidai. Amma in ya daɗe a ajiye man ciki ya bushe, yana son wanki.

Wanda Aka Cuta: Wanki? Ɗan uwa kada ka kuskura ka ba kowa agogon gado. Na kakana na kai wa wani mai gyara, gilashi kawai na ce ya canja. Wata uku yana mini gobe, gobe. Da ya dawo da shi ya goge fuskar ya sake mata fenti, wai ya ga ta dafe. Tabon nan shi ne agogon! Rubutun jiki ma ya karkace. Ko kallonsa ba na iya yi yanzu. Kuma ya karɓi kuɗinsa cif.

Injiniya: Yaushe ne ma bikin? Ba ka faɗa ba.

Abokin Ango: Saura kwana tara.

Injiniya: To manta da wanki. Sayi sabo siriri mai batir, farin ƙarfe, baƙar fata. Casio da Timex da Tissot duk suna da irinsu. Ko Orient Bambino in kana son mai inji mara batir, ko da yake gilashinsa mai tudu ne, ka gwada da rigar tukuna.

Maman Biyu: Ko ya ara. Dare ɗaya ne fa.

Kawu Mai Agogo: Yana da na ubansa a akwati zai je aro? Ko bai tashi ba ya ɗaura shi haka.

Ɗan Boko: Kawu kai da ka ce yana buƙatar sanin lokaci? In uwar amarya ta ce masa ƙarfe nawa fa?

Abokin Ango: Na murɗa yanzu. Ya yi tafiya minti shida ya tsaya, na girgiza ya ƙara kaɗan. Bayansa ba 750, wani rubutu ne da ya goge. Gaskiya 'yan uwa kuna ta magana kamar Seikon abin kunya ne. Ranar da na saye shi da angon muka je, shi ya ce in ɗauki baƙin maimakon shuɗin. In ya gan shi a hannuna zai gane. Na gwada matsar da shi can gaba kusa da tafin hannu, rigar ta tsaya a bayansa, ba laifi sosai in ban ɗaga hannu ba.

Tsohon Tela: Za ka riƙe makirfo kana jawabi ba ka ɗaga hannu ba?

Kawu Mai Agogo: Shawara ka zo nema ko shaida? Har yanzu ba ka turo awon hannun ba.

Maman Biyu: Shi angon wane agogo zai ɗaura? Ka tambaye shi mana.

Abokin Ango: Anti ba na son in dame shi da wannan yanzu, abubuwa sun yi masa yawa. Injiniya, in fatar roba ce baƙa mai laushi fa, ba za ta fi sarƙar kwanciya ba?