Waƙoƙin Billy Joel da suka ishe mu

Ɗan Zango, Bronx:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara goma sha ɗaya ina jan tasi a New York, kuma akwai daren da a da gabana ke faɗuwa in ya zo: daren wasan mawaƙin Amurka Billy Joel a babban zauren wasanni na Madison Square Garden. Daga Janairun 2014 zuwa Yulin 2024 kusan duk wata sai ya cika wurin, in ka cire lokacin korona. Ciniki kam ana yi, ba na musu. Amma ka kwashi mutum huɗu wajen sha ɗayan dare, sun yi tatil, su kama maka waƙarsa "Piano Man" tun daga titi na 33 har ƙofar gidansu, kowa da inda muryarsa ta nufa. Wani ma da baki yake kwaikwayon busar harmonikar farkon waƙar. Ran nan wani ya dafa kafaɗata wai in karɓi amshi, na ce masa tuƙi nake. Yanzu ko a kanti na ji ta, sai warin giya ya dawo mini hanci. Ni kaɗai ne?

Maman Iklima:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kai naka ai sau ɗaya ne a wata. Ni aikin kula da tsofaffi nake yi a gidajensu, kuma na yi shekara biyu da wata tsohuwa Baturiya da mantuwa ta fara kamawa. Da "Just the Way You Are" suka yi rawar aurensu ita da marigayin mijinta. Da safe a sa, bayan abincin rana a sa, in ta ƙare ta ce ai ba a sa mata ba tukuna. Na taɓa ƙirgawa, sau tara a wuni guda. Busar saksafon ɗin tsakiyar nan har cikin barci take bina.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, daga baya ɗiyata ta gaya mini matarsa ta fari Billy Joel ya yi wa waƙar a 1977, ta ci masa kyautar Grammy har biyu, amma a 1982 auren ya mutu. Ban taɓa faɗa wa tsohuwar ba. Me zan ce mata? In waƙar na tashi ne kawai take yarda ta ci abinci ba rigima. Ta rasu bara. Har yau ba na son waƙar, amma in na ji ta ba na iya canja tasha.

Ɗan Zango, Bronx:
Allah ya ba ki ladan haƙuri, Maman Iklima. Naki ya fi nawa nauyi.

Baban Yara, Filadalfiya:
Ni tawa "We Didn't Start the Fire" ce, kuma makaranta ce ta jawo mini. Malamar tarihi ta ba ɗana aikin gida, ya binciko abubuwan da aka jera a ciki. Waƙar ba labari ba ce, jeri ne kawai na sunaye da aukuwa sama da ɗari, daga 1949 da aka haifi mawaƙin zuwa 1989 da ta fito. Mako biyu yaron nan yana tsayarwa yana mayarwa a falo. Na taimaka masa da Nasser da rikicin Suwez da na Kongo, a cikin sauran kuwa har da 'yan ƙwallon Amurka da taurarin fim da ban san inda suka dosa ba. Abin da ya sanyaya mini rai, shi kansa mai waƙar ya sha cewa karinta bai yi ba, har ya kamanta shi da ƙarar injin likitan haƙori. To mai abu ya faɗa, ni wane ne?

Bakaduniya:
Ni ban taɓa taka Amurka ba, amma ina da tabo. Yayata tana da kaset ɗin ƙungiyar mawaƙa ta Westlife lokacin muna sakandare, "Uptown Girl" safe da yamma har zaren ya tsinke, ta ɗinke shi da jan farce ta ci gaba. Sai da na girma na san ta Billy Joel ce tun 1983, su maimaitawa suka yi a 2001. Na nemo ta asalin ko zan huce. Ina! Ashe daga tushe ne.

Alhaji Tsoho:
Yara, ku yi wa mutumin nan adalci. Ɗan Zango, ka taɓa zama ka saurari abin da "Piano Man" ke faɗa, ba daga bakin mashaya ba? A 1972 ya yi aikin kaɗa fiyano a wata mashaya a Los Angeles da sunan Bill Martin, lokacin yana rigima da kamfanin da ya fara ɗaukarsa. Mutanen da ke zuwa wurin ya zana ɗaya bayan ɗaya, mai sayar da abin sha, sojan ruwa, dillalin gidaje, kowa da burin da bai cika ba. Ai haka mawaƙanmu ke yi in sun kalli taro suna ambaton wanda suka gani. Ni wadda ba na so ita ce "The River of Dreams" ta 1993, don wani maƙwabcina ya taɓa mai da ita agogon tashinsa.

Ɗan Zango, Bronx:
Ranka ya daɗe, na ji, kuma zan saurara, da rana, ni kaɗai, tagogi a buɗe. Amma ko da ya daina wasan wata-wata ban huta ba. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauko wasu daga ɗaurin aure a Long Island, yankin da Billy Joel ya tashi ke nan, ko zama ba su gama yi ba suka tambaye ni ko wayarsu za ta haɗu da lasifikar motar. Na ce musu ta lalace.