Yaya ake yi wa Bayahude ta'aziyya?

Kafintan Aboabo: Assalamu alaikum, jama'a. Akwai wani Basefwi, wato ɗan ƙabilar Sefwi ta Ghana, da muka yi shekara tara muna aiki shago ɗaya a nan Kumasi. Bayahude ne, daga jama'ar nan ta Sefwi Wiawso masu majami'a, wato wurin ibadarsu, a New Adiembra. Kowace Juma'a da la'asar yake ajiye zarto, sai Lahadi. Jiya babansa ya rasu. Ranar da na rasa mahaifiyata, wannan mutumin har maƙabartar Tafo ya raka mu. Dole in je. Me zan kai, me zan ce?

Hajiya Mai Koko: Allah ya ba shi haƙuri, ɗana. Yahudawa na zaman makoki kwana 7 bayan binnewa, kusan kamar bakwai ɗinmu. Masu makokin kan zauna a ƙasa ko a ƙaramar kujera. Ka shiga a natse, ka bari shi ya fara magana.

Malamin Asawase: Hajiya ta yi gaskiya. Batun abinci kuma, Malam, ka kiyaye. Alade haram ne gare su kamar mu, amma sun ƙara da cewa ba a haɗa nama da madara, kuma kifin da ba shi da ɓawo, kamar tarwaɗa, ba sa ci. Naman mahautanmu ma bari shi. Lemu, ayaba, shinkafa ɗanya, sun wadatar. Kada ka isa ranar Asabar, ranar ba sa taɓa kuɗi, ba sa kuma makoki a fili.

Kafintan Aboabo: Na gode ƙwarai. Lahadi da asuba zan kama mota, in sha Allah.