"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere": izini ne ko gargaɗi?

Baban Sadiya (Garwa): Assalamu alaikum jama'a. A huɗubar Juma'ar nan liman ya karanta aya ta 43 ta Suratu Faɗir, cewa mugun makirci ba ya faɗa wa kowa sai mai shi, sannan ya bi ta da wannan karin maganar. Ana idar da salla gardama ta kaure a ƙofar masallaci. Wasu suka ce maganar ba ta dace da mumbari ba, tunda ba ta ce kada a gina ba, zurfin kawai ta rage. Wasu suka ce ai nan hikimar take. Me kuka gani?

Mai Guga (Marwa): Wa alaikumus salam, Alhaji. Duk wanda ya san haƙar rijiya ba zai ji izini a ciki ba, domin mai ginin ne farkon wanda ke shiga ramin. A ƙasa mai yashi, da ka wuce tsayin mutum ba ka ɗaure bango ba, yana iya zubowa, kuma ƙasar da ta kai wa mutum ƙirji ta isa ta hana shi numfashi. Shi ya sa ake haƙa mita ɗaya, a ɗaure da siminti, sannan a ci gaba. In rami ya yi nisa sai matsalar iska. Kafin kowa ya sauka da safe, a zura kyandir ko fitila a igiya. In ta mutu ba a sauka, sai a ɗaura reshe mai ganye a yi ta ja sama da ƙasa har iskar ta sauya. Kuma kada a kuskura a saukar da injin jan ruwa mai fetur ciki. Hayaƙinsa ba ya fita. Shi ke kashe mutum biyu, uku a jere: na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto.

Malam Ƙarami (Ngaundere): Baba Mai Guga, ka yi gaskiya, sai dai kada a ɗauka zurfi da kansa ne abin ƙi. Kowane rami da gwargwadonsa. Ko kabari, a Malikiyya an fi so kada a zurfafa shi. Mafi ƙarancinsa shi ne wanda zai hana wari fita, ya kuma tsare gawa daga namun daji. In ƙasa mai tauri ce a yi lahadu, in mai zubewa ce a tsaga tsakiya. To in ramin alheri ma ana yi masa iyaka, ina ga na sharri?

Uwar Biyu (Kusiri): Malam, ni dai ban gamsu ba. Wanda aka gina wa gajeren rami ai shi ma ƙafarsa za ta karye. Maganar ta tausaya wa mugu ne, ba ta ko waiwayi wanda aka cuta ba.

Manomin Karal (Yaguwa): Hajiya, ai ba da wanda aka cuta ake magana ba, da mugun ake. Wanda ya riga ya ɗauki diga ba ya jin "bari", sai ka tuna masa da wuyansa. Kuma gajarta ma ba ko'ina take ceto ba. A dashen masakwa, wato dawar rani da ake dasawa a laka bayan ruwa ya janye, in ramin bai kai kamar santimita 20 zuwa 25 ba, saiwa ba ta riskar damshin da laka ta riƙe, sai shukar ta bushe kafin ta kama. A soka sandar dashe, a zuba ruwa kamar kofi guda, a sa tsiro biyu da aka datse wa ganye. Gero kuwa in ka binne ƙwayarsa da zurfi irin na masara, tsiron zai ƙare ƙarfinsa bai ga rana ba.

Uwar Biyu (Kusiri): To bari ku ji wanda kakarmu ke bayarwa, Allah ya jiƙanta. A shekarar farin 1973, wai akwai wani mai hali a ƙauyensu da ke bakin kogin Logon. Dawarsa ta bara tana nan, amma ba ya son dangi su sani, musamman ƙanensa mai 'ya'ya da yawa. Da dare ya shiga ɗakin awaki ya gina rumbun ƙasa. Yadda aka saba, baki ƙarami, ciki da faɗi, tsayin mutum ko ɗan fi, a shimfiɗa ƙaiƙayi ƙasa da gefe, a zuba hatsi, a rufe da tabarma da laka. Shi kuwa sai ya zarce har gaba uku don kada sandar mai bincike ta taɓa. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ƙanen ya zo roƙon mudu biyu, ya rantse masa ba shi da ko ƙwaya. Da damina ta dawo kogi ya cika, ruwa ya taso ta ƙarƙashi, rabin dawar ya jiƙe ya ruɓe. Ran da ya buɗe, bai jira ramin ya sha iska ba ya dira ciki. Shiru. Awaki ne suka yi ta kuka har matar ta leƙa ta ƙwala ihu. Wanda ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka ya fito da shi, ƙanen nan ne. Kaka ta ce ya rayu, amma har ya bar duniya ba ya iya haɗa ido da ƙanen, kuma dawar da ta tsira sai da aka raba ta gida-gida.

Mai Guga (Marwa): Allah ya jiƙan Kaka. Abin da ya kayar da shi sananne ne: hatsin da ya jiƙe a rufe yana cinye iskar ramin. Rumbun ƙasa in an buɗe sai a bar shi ya sha iska, a gwada da wuta.

Malam Ƙarami (Ngaundere): Amin. Amma Hajiya, wannan rowa ce da zurfin ciki, ba ramin mugunta ba. Bai gina don wani ya faɗa ba.

Uwar Biyu (Kusiri): Malam, hana ɗan'uwanka hatsi a shekarar yunwa in ba mugunta ba ne, mece ce?

Ɗan Acaɓa (Njamena): Ku kuna ta ramin mugunta, mu nan ramin zaɓe ya dame mu. Masu neman ƙuri'a su kaɗai suka riƙe karin maganar nan da gaske, duk foraj ɗin (rijiyar burtsatse) da suka haƙa gajere ne! Allon da ke ɗauke da sunan mai girma ya fi bututun tsawo.

Baban Sadiya (Garwa): Hahaha! Ƙanena, rijiya ta ba da ruwa, ɗan kwangila ya hana.

Mai Guga (Marwa): Abin dariya ne, amma ga yadda ake cutar. A haƙa a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ke sama, da an taɓa damshi a tsaya a ɗauki hoto. Watan Afrilu na zuwa famfo ya fara tarin iska. Rijiyar kirki a ƙarshen rani ake kammala ta, a kuma nutsa mita biyu ko uku ƙasa da inda aka sami ruwa. Injin da ke zuƙa daga sama ba ya wuce kamar mita 7. In ruwa ya fi haka nisa sai famfo mai silinda a ƙasa, irin India Mark II da ke kai wajen mita 45, ko Vergnet na takawa da ƙafa. Ƙasa ma ta bambanta: a Njamena yashi ne da laka, ana haƙa foraj da hannu, wajen Mokolo kuwa dutse ne, sai inji. Masai kuma a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kada gindinsa ya kusanci ruwan ƙasa, in ba haka ba kwalara ce ka gina wa unguwa.

Sarkin Ruwa (Darak): Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce gajere ba ya kisa. Tafkin Cadi duk faɗinsa, yawancinsa gwangwala na taɓa ƙasa, amma iska na tashi ta kifar da kwalekwale mai lodi, laka ta riƙe ƙafa. Kuma ku dubi kududdufin da ake bari bayan an ɗebi ƙasar gini. Ba wanda ya gina shi da mugun nufi, wani ma bai fi mita biyu ba, amma damina na sauka yara ke nutsewa ciki.

Manomin Karal (Yaguwa): To kenan wanda ya gina ya bari a buɗe fa, Malam, yana cikin maganar?

Malam Ƙarami (Ngaundere): Wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, abin da ya halaka ciki yana wuyansa. Wannan babin lamuni ne, karin maganar kuwa niyya take nufi.

Uwar Biyu (Kusiri): Uwar da ɗanta ya nutse ba niyya za ta tambaya ba.

Ɗan Acaɓa (Njamena): Baba Mai Guga, tunda kana nan: rijiyar gidanmu ta fara kawo yashi a guga, bangon ƙasa kuma ya ɗan karkace. A yashe ta yanzu, ko a jira rani?